Tasawa da Mayahi: a nuna wa mai sayen fili inda ruwa ke tsayawa a watan Agusta

Alƙaluman da hukumomi suka bayar bayan daminar shekara ta 2024 sun nuna ambaliya ta yi sanadin mutuwar kusan mutum 400 a Nijar, ta kuma shafi kimanin miliyan ɗaya da rabi. Jihar Maradi na cikin waɗanda suka fi rasa rayuka. Sai da aka ɗage komawa makarantu daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, saboda azuzuwa da dama sun zama masaukin waɗanda gidajensu suka rushe. An yi ta bayani a kan canjin yanayi, da ginin ƙasa, da magudanan da shara ta toshe, kuma duk gaskiya ne. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: wa ya yanka fili a wurin da ruwan ya ci, kuma wace taswira ya duba kafin ya sa hannu?

Ƙasashen da ke bakin teku suna kashe maƙudan kuɗi wajen auna gaɓarsu da zurfin ruwansu. Tun 2017 akwai wani shiri na duniya, Seabed 2030, da ke son kammala taswirar ƙasan teku baki ɗaya, kuma zuwa shekara ta 2024 abin da aka auna da kyau bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba. Mu ba mu da teku. Amma muna da gaɓar da ta fi ta teku yaudara, wato bakin tabki da bakin gulbi. A watan Maris busasshiyar laka ce, samari na buga tubali a kanta; a watan Agusta ruwa ne har ƙugu. Garin Tasawa na zaune da tabkunansa da kududdufansa, Mayahi kuwa na bakin Gulbin Kaba, tsohon kwarin da goruba ta cika, wanda yakan daɗe ruwa bai gudana sosai a cikinsa ba har mutane su manta dalilin da ya sa ake ce masa gulbi.

Mutanen da za su zauna a waɗannan wurare kullum ƙaruwa suke. A ƙidayar 2012, wadda ita ce ta huɗu, gundumar Tasawa da ta Mayahi kowacce ta haura mutum dubu 500. A lokacin an ƙiyasta al'ummar ƙasa na ƙaruwa da kashi 3,9 cikin ɗari a shekara, abin da ke nufin ninkawa cikin shekara goma sha takwas ko kusa da haka. Shekara ta 2022 ta zo ta wuce ba a yi ƙidaya ta biyar ba. Ke nan ƙananan hukumomi bakwai na Tasawa da takwas na Mayahi, daga Korgom da Hawan Dawaki zuwa Urafan, daga Sarkin Hausa zuwa Kanan Bakashe da Gidan Amumun, sun daɗe suna tsara aji da asibiti da rijiya a kan hasashe.

Tsohuwar taswirar ƙasa ma ba ta fid da su. Wadda ta game yawancin Nijar ta samo asali ne daga hotunan jirgin sama da Faransawa suka ɗauka gab da samun 'yancin kai, a kan ma'aunin 1/200.000. A kan irin wannan takarda, milimita ɗaya mita 200 ce a ƙasa, bakin alƙalami kaɗai ya isa ya rufe unguwa guda. Ta yi amfani ga soja da mai neman hanya. Ba a yi ta don magajin garin da ke son sanin ta wane lungu ruwa zai bi ba.

Abin da ya canza shi ne sararin sama ya buɗe, kuma kyauta. Tun 2008 Amurka ta saki hotunan taurarinta na Landsat, waɗanda suka fara aiki a 1972, ga duk mai so. Taurarin Turai na Sentinel-2, da aka fara harbawa a 2015, suna ratsa kowane wuri duk kwana biyar, suna kuma bambance abin da ya kai mita goma. 'Yan uwansu na Sentinel-1 da radar suke aiki, girgije ba ya tare musu gani, wanda shi ne babban abu a tsakiyar damina. A 2021 kamfanin Google ya fitar da zanen gine-gine sama da miliyan 500 na nahiyar Afirka. Ga OpenStreetMap, taswirar da kowa ke iya sa hannu a cikinta, wadda ke da matasa 'yan sa-kai a Nijar. Ga kuma cibiyar Agrhymet a Yamai, da ke bin sawun ruwan sama da amfanin gona tun 1974. Ɗalibin jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi da ke da kwamfuta da intanet zai iya jera hotunan kowane watan Agusta na shekara goma, ya ja layin iyakar da tabkin garinsu ya taɓa kaiwa.

Jihar Maradi ta riga ta ga abin da hoto daga sama ke iya yi. Shekara da shekaru ana cewa hamada na cinye yankin. Sai da masu bincike irin su Gray Tappan da Chris Reij suka gwama hotunan jirgi na 1975 da na tauraron ɗan Adam na bayan shekara ta 2000 sannan duniya ta yarda cewa manoman Maradi da Damagaram, da sassaben zamani, sun raya itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan biyar. Manomin da ke barin tohon gawo a gonarsa bai jira kowa ya gaya masa ba. Hoton dai ya sa masu tsara manufofi sun daina yi masa kallon mai ɓarna.

Sai dai hoton kyauta yana da iyaka, kuma iyakar ta faɗo daidai inda ake buƙatarsa. Bayanan tudu da kwari da aka fi amfani da su an auna su ne daga kumbon Amurka a watan Fabrairun 2000. Kowane ɗigo mita 30 ne, kuskuren tsayi kuma yakan kai mitoci. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasar rairayi irin ta Tasawa, rabin mita ne ke raba gidan da ya tsira da wanda ya zube. Wannan sai ma'auni a ƙasa, ko ƙaramin jirgi marar matuƙi, sai kuma tsofaffin unguwa, waɗanda suka san har ina ruwa ya kai a shekarun da aka yi babbar damina. Tauraro ba ya nuna wa ya mallaki gona, ba ya nuna aro ko jingina, ba ya kuma gane burtali idan an riga an shuke shi da gero.

Waɗannan bayanan suna nan ƙasa, cikin ofisoshi, kuma su ne suka fi wuyar samu. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta aza tubalin kwamitocin kula da filaye, waɗanda kowa ya sani da COFO, daga matakin gunduma har ƙauye, ta kuma tanadi kundin da za a riƙa rubuta haƙƙin kowa a ciki. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta ƙara kare burtaloli da makiyayai da mashayai daga zama mallakar wani. Babu wanda ya manta abin da ya sa ake buƙatar hakan: a watan Oktoban 1991, a Toda, cikin yankin Gidan Rumji, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da 100, yawancinsu mata da yara. Tun daga lokacin ayyukan raya karkara iri-iri sun kafa turakun siminti a kan burtaloli, sun ɗauki ma'auninsu da GPS. Amma idan aiki ya ƙare, ina ma'aunin ke zuwa? Sau da yawa yakan tsaya cikin rahoto ko kwamfutar wani ma'aikaci, idan an yi masa canjin wurin aiki ya tafi da ita. Wani aikin ya zo ya sake biyan kuɗi a auna abin da aka riga aka auna. Makiyayin da ke gangarowa daga arewa bayan sakin gonaki, ko mai garin da za a kawo wa ƙara, ba su da inda za su je su ga layin da idonsu.

A cikin gari kuwa maganar ta kuɗi ce. Yankan filaye na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin shiga na ƙananan hukumomi. Gwamnati da kanta ta taɓa biyan bashin albashin ma'aikata da filaye. Taswirar da ta ce kadada kaza na bakin tabki ba ta ginuwa, kuɗi ne ta cire daga asusun da dama bai cika ba, ta kuma rage darajar gonar wani mai faɗa a ji. Shi ya sa bai kamata a ɗauka rashin taswira rashin ƙwarewa ne kawai ba. Akwai masu cin moriyar duhun. Wanda ke biya shi ne malamin makaranta ko ɗan ci-ranin da ya dawo daga Agadas ko Kano, aka kai shi ya ga fili da rani, ƙasa a bushe, ya ba da kuɗinsa.

Akwai kuma abin tsoro ta ɗaya gefen, wanda masu ɗokin na'ura ba su cika faɗa ba. Layin da aka ja a takarda yakan fi ƙarfin shaidar baki. Idan aka yi gaggawar zana gonaki da sunan wanda ya fara kai kansa ofis, matar da ke noma gamanarta cikin gonar miji, da wanda kakansa ya ari gona shekara hamsin da suka wuce, da masu yankan kaba a gulbi don saƙar tabarma da igiya, duk za su iya wayar gari babu su a taswira. Don haka abin da ya dace a fara bayyanawa shi ne dukiyar kowa da kowa: tabkuna da iyakar cikarsu, hanyoyin ruwa, burtaloli, makiyayai, da tsarin kowane yankan fili tun kafin a sayar da ko ɗaya. Rijistar gonakin mutane tana buƙatar zama a gaban sarakuna da shaidu, ba a yin ta daga sama.

Doka ba ta hana wannan ba. Tun 23 ga Fabrairun 2011 Nijar na da dokar da ta ba ɗan ƙasa damar ganin takardun hukuma, tsarin yankan fili kuwa takardar hukuma ce. Kuɗin da ake buƙata ma bai kai na gyaran aji guda da ya rushe ba: a buga hoton gari babba, a ja layin ruwan 2024 a kansa tare da masu unguwanni, a manna a ƙofar ma'aikatar magajin gari da fadar sarki, a karanta bayaninsa da Hausa da Fulatanci da Tamashek a rediyon karkara, a aika kwafi ga cibiyar taswira ta ƙasa, IGNN, don kada ya ɓata. Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantomomi ne ke riƙe da ragamarsu, babu kansilolin da za su tsaya su ce a nuna musu tsari kafin a sa hannu. A irin wannan yanayi, takardar da aka manna a bango ita ce kusan hanya ɗaya da mai sayen fili a Tasawa ko Mayahi zai san ko wurin da aka nuna masa a watan Maris yana cikin tabki a watan Agusta.