Faɗin Allo da Wutar Gazawa

Tun da samarin garin Agiye suka rungumi ƙwallon kwamfuta, har ta kai wanda bai mallaki na'ura ba yana tara dala-dala domin ya buga a rumfar mai ita, wata mas'ala ta taso wadda iyayenmu ba su san ta ba, wato wane allo ne ya cancanci talaka ya zuba masa guminsa. Ra'ayina, ko da yake ba zai yi wa ƴan kasuwa daɗi ba, shi ne faɗi ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba.

Hujjar farko wuta ce. Lantarkin da jihohin Maraɗi da Damagaram suke sha, da yawansa daga Katsina yake shigowa ta babban layin da ya sauka a garin Gazawa, kuma duk wanda ya shaida halin da aka shiga a Agustan 2023, sa'ad da Nijeriya ta yanke shi bayan juyin mulkin Yamai, ya san cewa abin da makunninsa ke hannun maƙwabci aro ne. Saboda haka allo mai inci 24, wanda cinsa bai cika zarce wat 30 ba, bare a dace da irin mai karɓar bolt 12 da batirin hasken rana zai iya ɗauka, ya fi maslaha a kan ƙato mai lanƙwasa wanda zai tsotse batirin kafin sallar isha'i.

Sa'an nan a tambayi na'urar da za a jona masa. PlayStation 4, wadda har yanzu ba a daina yayinta ba, hoto 60 take fitarwa a daƙiƙa, ba ta ƙarawa, don haka wanda ya biya kuɗin allo mai hoto 144 ya yi almubazzaranci. Haka kuma ba ta san awon faffaɗan allo na 21:9 ba, sai dai ta bar baƙi dama da hagu, ko ƴan wasan su fito a baje kamar an taka su. Mai kwamfuta ma sai ya yi hattara, domin faffaɗan allon 2560 × 1080 ya ɗara na 1920 × 1080 da sulusin ɗigogi, kuma tsohuwar kwamfuta ce za ta ɗauki wannan nauyi, hoton ya riƙa sarƙewa daidai lokacin bugun fanareti.

Galibinmu na hannu muke saye, a kasuwar Maraɗi ko a Kano, kuma ba aibi ba ne. Sharaɗi dai kada a biya sai an kunna shi a gaban mai shago, an sa masa fari fat, an sa masa baƙi ƙirin, domin mataccen ɗigo da tabon haske a nan suke bayyana. A girgiza wayar HDMI a bakin raminta a ga ko hoton zai ƙifta. A bar shi ya ɗauki zafi, tunda bazarar Afrilu tana jiransa a gida. Wanda ya yi gaggawa, idan aibin ya fito bayan ya isa Agiye, kuɗin motar mayar da shi Kano kaɗai ya cinye ragin da aka yi masa.