GAWO A GONA, GAWAYI A KASUWA

A shekarar 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a taron Gilasgo, a ƙasar Birtaniya, cewa kafin 2060 hayaƙin da Nijeriya take fitarwa ba zai wuce wanda ake iya shanyewa ba, kuma ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. Manomin Balan ta ƙasar Gaya bai halarci taron ba, amma kuwa a gonarsa maganar take sauka. Domin hayaƙin da yake ɗumama duniya ba injuna kaɗai ne suke fitar da shi ba. Wutar sharar gona tana fitarwa, haka itacen da aka sare aka ƙone, alhali da yana tsaye shanyewa zai yi.

Hukuma ta fi mai da hankali ga dashe. Kano tana cikin jihohi 11 na shirin shingen itatuwa mai tare hamada, wanda aka kafa wa hukuma a 2015. Madalla da dashe. Amma fa dashen da ba a killace ba, ba a ba shi ruwa ba, kalacin akuya ne.

A dubi Maraɗi. Tun daga wajen 1983 manoma suka daina tumɓuke kututture. Idan ya yi toho, sai su zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi su bari, su datse sauran. Ba sayen iri, ba ban ruwa, domin saiwa tana nan da ranta. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 da suka dawo a gonakin kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram. Abin da ya ƙarfafa manomi shi ne ya sakankance itacen nasa ne, ba na malamin daji ba. Da yawa daga cikinsu gawo ne, wanda yake kaɗe ganye da damina, ba ya tsare wa gero rana, ya taki ƙasa, ya kuma ciyar da dabbobi da rani.

Saboda haka ya kamata hakimai da dagatan Gaya da Ajingi su yi shela cewa wanda ya reni toho a gonarsa, shi ne mai shi. Malamai sun san ladan shuka itace, sai su faɗa wa almajirai masu shiga daji neman makamashi su ƙyale ɗanye. Fataken gawayi masu kai kaya Kano kuwa, kafin su biya kuɗin buhu, su tambaya ko busasshe aka ƙona ko ɗorawa mai 'ya'ya.