Daga Omdurman zuwa tsaunukan Alps: haɗarin da ke jiran matafiyi bayan teku

Tun ranar 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke a Khartoum tsakanin sojojin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF, miliyoyin mutane suka bar gidajensu a Khartoum da Omdurman, har da unguwannin da Hausawa suka daɗe da zama, irin su Mayo. Galibinsu sun tsaya a cikin Sudan ko a Masar da Chadi, amma wasu samari sun bi ta Libiya da Tunisiya har suka kai Italiya. Da zarar iyaye sun ji ɗansu ya sauka a Lampedusa sai a yi hamdala, a ɗauka wahala ta ƙare. Ga mai niyyar Faransa ko Ingila kuwa, akwai sauran rina a kaba.

A watan Nuwamban 2015 Faransa ta dawo da binciken takardu a kan iyakarta da Italiya. Da aka tsananta tsaro a Ventimiglia da ke bakin teku, sai matafiya suka koma hawa tsaunukan Alps. Mashigar Montgenèvre tana da tsayin kusan mita 1,850. Daga Claviere, ƙauyen ƙarshe a Italiya, zuwa garin Briançon bai kai kilomita 20 ba a kan kwalta. Sai dai mai gudun jandarmomi ba ya bin kwalta. Cikin dare yake ratsa daji da gangare, inda dusar ƙanƙara ke rufe sawu da bakin rami.

An sha ganin sakamakon haka. A Agustan 2017 wasu samari biyu 'yan Gini sun faɗa kwazazzabo a kusa da mashigar Échelle lokacin da suke gudun jandarmomi, suka ji munanan raunuka. A Mayun 2018 an tsinci gawar wata 'yar Najeriya a kogin Durance. A Fabrairun 2019 sanyi ya kashe wani ɗan Togo da aka samu a gefen hanyar Briançon.

Masu hawan dutse na asali ba sa taka irin wannan gangare da wasa. Suna sanya takalma masu haƙoran ƙarfe, su riƙe gatarin ƙanƙara da mutum ke kafawa ya tsayar da kansa idan santsi ya kwashe shi, su ɗaure juna da igiya. Suna duba hasashen yanayi, domin a gangaren da ya kai digiri 30 zuwa 45 ne ƙanƙara ta fi zaftarewa. Duk da haka a kowace shekara wasunsu na mutuwa. To ina ga wanda ya tashi a zafin Omdurman, ya shiga da takalmin ƙwallo da rigar sanyi ɗaya, kuma ya kashe fitilar wayarsa don kada a hango shi?

Ƙungiyoyi irin su Tous Migrants da Médecins du Monde, masu sintiri da dare don ceton waɗanda suka ɓace, suna cewa farautar da jami'an tsaro ke yi ce ke tura mutane hanyoyi masu haɗari. Hukumomin Faransa kuwa suna ɗora laifin a kan masu safarar mutane. A Yulin 2018 majalisar tsarin mulkin ƙasar ta yanke cewa taimakon baƙo don jin ƙai ba laifi ba ne, amma ba ta halatta tsallakar da shi iyaka ba.

Kafin a warware wannan muhawara, akwai abin da dangi za su iya faɗa wa ɗansu a waya. A garin Oulx na Italiya akwai masaukin da ke ba da takalma da tufafin sanyi, kuma a can ake sanin halin da dutsen yake ciki. Lambar gaggawa ta 112 tana aiki a ƙasashen biyu. Wanda ya ɓace ko ƙafarsa ta daskare ya kira ta, ko da za a mayar da shi Italiya. Wanda aka mayar yana iya neman mafaka ko lauya washegari. Gawar wanda ƙanƙara ta rufe kuwa, wani lokaci sai ta narke a watan Mayu ake ganinta.