Ƙofar da Fafaroma ya rufe a 1864

A shekarar 1864 Fafaroma Pius na 9 ya fitar da jerin ra'ayoyi 80 da ya ce ɓata ne. Na ƙarshensu ya fi tayar da ƙura, domin a nan ya yi fatali da batun cewa Fafaroma ya sasanta da ci gaba da wayewar zamani. Har gobe 'yan ɗarikar Katolika ba su gama gardama a kan wannan takarda ba.

Mu dai ba ma yi wa mutumin kallon maƙiyin ilimi zalla. Da ya hau kujera a 1846, mai son gyara aka ɗauke shi. Sai ga boren 1848, aka daɓa wa babban ministansa Pellegrino Rossi wuƙa, shi kuma ya sulale zuwa Gaeta. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Kada a manta, Fafaroma a wancan lokaci sarki ne mai ƙasa da haraji da sojoji, kuma da bindiga zamanin ya zo masa. A Yulin 1870 babban taron Vatican ya ayyana cewa Fafaroma ba ya kuskure idan ya yanke hukunci a hukumance kan aƙida. A Satumba sojojin Italiya suka ƙwace birnin Rum.

Inda muke da ja shi ne yadda aka cakuɗa kare sarauta da kare addini, malamai kuma suka ɗanɗana kuɗarsu. An kori ɗaya daga cikinsu, Döllinger na Jamus, daga coci a 1871 don ya ƙi amincewa da wancan hukunci na 1870. Fafaroma Pius na 10 ya ƙara ɗaure igiyar, inda a 1910 ya wajabta wa limaman coci rantsuwar ƙin aƙidar zamananci. Sai a 1967 aka soke ta.

Kafin nan kuwa taron Vatican na biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya amince da 'yancin addini, ya yi maganar Musulmi cikin girmamawa, ya kuma ba harsunan jama'a wuri a ibadar da a da Latin ya mamaye. Albarkacinsa ne ake ibada da Hausa a cocin Katolika a Kaduna da Jos.

Marcel Lefebvre, tsohon babban bishop na Dakar, bai haɗiye sauye-sauyen wannan taro ba. Tambayarsa mai nauyi ce: abin da yake ɓata jiya, ta yaya ya zama shiriya yau? A 1988 ya naɗa bishop huɗu ba da izini ba, aka kore shi. Ba mu tare da shi, amma amsar da Vatican ta fi bayarwa, wai koyarwar ba ta sauya ba, bunƙasa kawai ta yi, ba ta gamsar da mu ba. A shari'ar da coci ya yi wa masanin kimiyya Galileo a 1633 ma, sai a 1992 Fafaroma John Paul na 2 ya fito fili ya ce alƙalan coci sun yi kuskure.