Masana'antar awa 24: a gyara aiki tukuna kafin a kawo kwamfuta

Tun da Shugaba John Dramani Mahama ya ƙaddamar da shirin tattalin arziki na awa 24 a watan Yulin 2025, da wuya ka zauna a bes ɗin samari a Nima ko Mamobi ana shan ataya ba ka ji lissafin nan ba: aiki ɗaya, mutum uku, shifti uku. Wai masana'antar da ke ɗaukar mutum ɗari za ta ɗauki ɗari uku, kuma a cikin ɗari ukun nan ai ba za a rasa 'yan Zango ba. Allah ya sa. Amma ni malamin lissafi ne, kuma abin da ke damuna shi ne ana ninka ma'aikata sau uku, an manta ɓarna ma ninkuwa take yi. Masana'antar da ke lalata riga biyar cikin ɗari a awa takwas, in ta kwana tana aiki, da safe tulin rigunan da ba mai saye za ta tarar, ga kuɗin wutar dare a kai. In ka faɗi haka sai a ce maka ai yanzu zamanin kwamfuta ne, a sa manhaja komai zai daidaita. To a nan nake da ja.

Kawuna tela ne a Mamobi. Keke takwas gare shi, yana ɗinka yunifom na makarantu masu zaman kansu, in azumi ya kama kuma sai kayan Sallah. Bara wani saurayi ya sayar masa da manhaja a waya. Tana ajiye awon mutum, tana rubuta kuɗin da ya fara biya ta momo, in ranar alkawari ta yi sai ta tura masa saƙo cewa kayansa sun kammala. Kawu ya yi murna ƙwarai, har ya ce mini, "Ticha, mu ma mun shiga zamani." Ana sauran kwana uku Sallah na leƙa shagon, na tarar da mata cike a ƙofa, kowacce riƙe da wayarta tana nuna saƙo, kaya kuwa ko rabi ba a yi ba. Da can mai kaya shi ke zuwa don kansa ya ji "gobe". Yanzu waya ce ke kiran sa ya zo ya ji "gobe".

Na zauna na kalli yadda aikin ke tafiya. Kawu yakan yanka kaya arba'in a rana ɗaya, don a ganinsa tun da almakashi na hannu gara a gama. Yaran su haɗa su, sai duka su je su taru gaban keken aikin wuya, wanda guda ɗaya ne, mutum ɗaya kuma ya iya shi. Tulin ya kai ƙugu. A cikin tulin hannun rigar wani ya shige cikin na wani, zare ya ƙare a aika yaro Makola ya ɓata rabin yini a toro-toro. Manhajar ba ta yi ƙarya ba, ranar da aka rubuta mata ita ta faɗa. Abin da ba ta sani ba shi ne shagon ba ya iya fitar da fiye da abin da keken nan guda ɗaya ya fitar.

Abin da na gani a shagon nan shi ne abin da wani injiniyan kamfanin Toyota, Taiichi Ohno, ya shafe shekaru yana yaƙa a Japan bayan yaƙin duniya na biyu. Toyota a lokacin ba ta da kuɗin tara kaya kamar kamfanonin Amurka, sai Ohno ya lissafa hanyoyi bakwai da aiki ke cin kuɗi ba tare da ya ƙara wa kaya daraja ba, irin su jira, da kai-komo da kaya, da tara su a sito, da sake gyaran abin da aka ɓata. Wanda ya ɗauka ya fi muni shi ne yin abu fiye da yadda ake bukata, wato yankan arba'in ɗin kawu. Maganin da ya kawo ɗan kati ne, kanban: sashen gaba ba ya karɓar kaya sai ya aiko da kati yana nema, na baya kuma ba ya yin komai sai kati ya zo. Aka kuma rataya igiya a saman layi, duk ma'aikacin da ya ga kuskure ya ja, in ba a gyara nan take ba layi ya tsaya. A 1988 wani mai bincike a jami'ar MIT, John Krafcik, ya raɗa wa tsarin suna lin, wato marar kitse. Ku lura, kati ne da igiya. Ba kwamfuta a ciki.

Amurkawa sun gwada ɗaya hanyar kuma sun ji a jikinsu. A shekarun 1980 kamfanin General Motors ya zuba biliyoyin daloli a kan mutum-mutumi da kwamfutoci don ya kamo Japan, har aka yi ta ba da labarin yadda na'urorin fenti a sabuwar masana'antarsa ta Hamtramck suke fesa wa junansu fenti maimakon mota. A daidai lokacin, a garin Fremont na jihar Kalifoniya, akwai wata masana'antarsa da ya rufe a 1982 saboda lalacewar aiki. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, aka dawo da yawancin tsofaffin ma'aikatan, ba a kawo wasu na'urori na a-zo-a-gani ba, tsarin aiki kawai aka sauya. Cikin ɗan lokaci motocinta suka shiga sahun mafi inganci a kamfanin. Abin dariya, wannan ginin ne Tesla ta saya a 2010, kuma a 2018 Elon Musk da kansa ya amsa cewa cika na'urori da suka yi a layin kuskure ne.

Kada a ce ina ƙin kwamfuta. In an riga an gyara aiki, tana yin abin da kati ba zai iya ba. Kati yana aiki ne a cikin gini ɗaya, amma in mai kawo maka yadi yana Tema, kai kana Adabraka, mai saye kuma yana Amurka, sai katin ya koma saƙon lantarki. In an manna wa kowane ƙunshin kaya lambar da ake haskawa, manaja zai ga inda kaya suka taru a wannan awar, ba sai ƙarshen wata ba. In aka dawo da riga an ce ɗinkin ya warware, za a san layin da ranar da zaren. Injin ma ana iya sa masa abin da zai nuna ya fara zafi kafin ya tsaya. Duk wannan riba ce, amma da sharaɗin lambar da ke allo ta zama gaskiya, kuma akwai wanda aka ba ikon yin wani abu in ya gan ta.

A Gana ba baƙon abu ba ne. Volkswagen ta fara haɗa motoci a nan a 2020, Toyota Tsusho ta buɗe tata a Tema a watan Yunin 2021 tana haɗa Hilux, Nissan ta biyo baya a 2022. Sai dai waɗannan motoci kusan a haɗe suke isowa, aikin da ake yi a nan kaɗan ne, ma'aikatan ma ba su da yawa. Inda ake ɗaukar mutane da dubbai shi ne ɗinki, kamar kamfanin DTRT da ke Adabraka mai kai kaya Amurka, sai masana'antun roba da abinci da ruwan leda na Spintex da Tema. Kuma tun 2012 hukumar JICA ta Japan take koyar da Kaizen, wato gyara kaɗan-kaɗan kullum, tare da hukumar ƙananan masana'antu da yanzu ake kira GEA, an fara daga yankin Ashanti. Abin da suke fara koya wa mai shago shi ne ya fitar da tarkace, ya ba kowane kayan aiki mazauni, ya riƙa rubuta abin da ya lalace. Ban taɓa jin wani a bes yana maganar wannan ba, alhali kowa ya ji labarin shirin horar da masu rubuta manhaja miliyan ɗaya da aka ƙaddamar a Afrilun 2025. Wancan ya fi daɗin faɗa a dandali, shi ya sa.

Akwai kuma inda tsarin Japan ba ya shiga ƙasarmu yadda yake. Toyota tana iya zama ba kaya a sito don masu kawo mata kaya suna kusa, mota na shigowa sau da yawa a rana. Mu yadinmu da zif da robarmu jirgin ruwa ke kawo su daga Sin, makonni a teku, sannan a jira fitarwa a tashar Tema. A Disambar 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, duk wanda ya riƙe sidi maimakon kaya a lokacin ya yi kuka. A 2025 kuma abin ya juya, dala ta sauko daga wajen sidi 15 zuwa kusan 10 cikin 'yan makonni, sai wanda ya cika sito da tsada ya kama kai. Ga ruwan banki da ya haura kashi 30 a 2023, wanda ke nufin duk bandir ɗin da ke kwance a sito yana cin kuɗi yana barci. Ba wanda zai ce wa mai masana'anta a Gana ya zauna ba ajiya. Amma nawa zai ajiye, na mene, zuwa yaushe? Wannan lissafin ne kwamfuta ta fi ƙwaƙwalwar mutum, in an ba ta adadi na gaskiya. Yankan arba'in ɗin kawu kuwa ba ruwan dala da shi.

Dogaro da na'ura ma yana da nasa haɗari. A ƙarshen Fabrairun 2022 masu kutse suka afka wa wani kamfanin da ke kawo wa Toyota kaya, masana'antunta 14 na Japan suka tsaya yini guda. A Agustan 2023 suka sake tsayawa, wannan karon don ma'ajiyar kwamfutar da ke odar kaya ta cika. In haka ta faru a Japan, mu da muka sha dumso daga 2012 zuwa 2016 ai ba sai an gaya mana ba. Duk masana'antar da ba ta iya ci gaba da takarda da biro in wuta ko intanet ta ɗauke, ta ɗaura rayuwarta a zare.

Abin da ya fi taɓa ni a matsayin malami shi ne igiyar nan. Tsarin gaba ɗaya ya tsaya ne a kan ƙaramin ma'aikaci ya ga kuskure ya yi magana. Mu kuwa yaro tun yana ƙarami muke koya masa in babba ya yi kuskure a yi shiru. A shago ɗan koyo ba ya gyara wa masta. A aji ma, gaskiya, mu malamai muna da laifi: yaron da ya ce "Sa, lissafin allo ba daidai ba ne" sau da yawa harara yake samu. A kwaleji an koya mana mu bar yaro ya yi tambaya, da muka shiga aji mai yara sittin sai muka koma wa bulala da haddar amsa. Ladabi abu ne mai kyau, amma Hausawa ma sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wata tsohuwar ɗalibata tana ɗinki a wata masana'anta da ba zan ambata ba. Ta ce an kafa allo a saman layinsu yana nuna adadin da kowacce ta ɗinka a awa, sunan wadda ta yi baya ya koma ja. Na tambaye ta in ta ga allura tana tsallake ɗinki me take yi. Ta ce, "Ticha, in na tsaya sunana zai yi ja. Sai in tura, masu dubawa su gani a ƙarshe." Ga kwamfuta an sa, ga adadi na fita kowace awa, amma an koya wa yarinya ta ɓoye kuskure, wanda shi ne ainihin abin da Ohno ya rataya igiya don ya hana. Irin wannan wurin in aka ce an kawo tsarin rage ɓarna, ma'aikata rage mutane suke ji, kuma ba wanda zai nuna maka hanyar sauƙaƙa aikinsa in ya san sakamakon shi ne a sallame shi. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ce awa takwas a rana, arba'in a mako, kuma ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata shida a jere ana ɗaukar sa na dindindin. Ƙannenmu da za su shiga shiftin dare ya kamata su san wannan kafin su sa hannu a takarda, masu ƙungiyoyin matasan Zango kuma su tambayi masu shirin awa 24 ko tallafin da za a ba masana'antu yana da sharaɗin horar da ma'aikata.

Bayan Sallah na kai wa kawu wani tsohon allo da alli. Muka ja layi huɗu: yanka, haɗi, aikin wuya, guga. Muka yi yarjejeniya ba za a yanka sabon kaya ba in akwai fiye da shida suna jiran aikin wuya, kuma ya koya wa yaro na biyu keken. Da farko ya ƙi, ya ce ganin yara zaune ba aiki yana ci masa rai, kuma har yau in na juya baya yakan yanka goma. Manhajar tana nan, sai dai yanzu ba ta tura saƙo don rana ta yi, sai babban yaronsa ya goge suna daga layin guga ya danna da hannunsa. Odar yunifom ta watan Satumba ta fita da jinkirin kwana biyu, a da mako biyu ne.