Tsofaffin Motocin Bas Na Finlan Sun San Darajar Manomi

Malam Edita,

Kwanan baya yaron wajena ya nuna mini hotunan tsofaffin motocin bas na ƙasar Finlan a wayarsa, wallahi sai da na ce ya maido mini su in ƙara kallo.

Ashe can a da kamfanin Sisu ko Vanaja ne ke ƙera gindin mota, sannan masu bodi irin su Ajokki, Wiima da Kutter su ɗora mata jiki, kamar yadda kafintocinmu ke yi wa manyan motoci bodin katako. Vanaja dai ta haɗe da Sisu tun 1968.

Masu kallo suna yaba goshinsu mai zagaye da fenti kala biyu. To ni ba wannan ya kama ni ba. Wadda ta tsaya mini a rai ita ce ta ƙauye: gaba kujerun fasinja, baya wurin kaya. Manomi ya zauna da mutuncinsa, madararsa da buhunansa suna baya. Wanda ya zana wannan mota ya san mutumin ƙauye ba ya tafiya hannu rabbana.

Mu kuwa fa? Ranar kasuwa ta wuce, kwandasta ya danna buhun wakena ƙarƙashin kujera har ya fashe, kuma bai fasa karɓar kuɗin kaya ba. Masu ƙera bodi a ƙasar nan, don Allah ku nemi hotunan nan ku duba.

Naku,
Wani manomi ɗan tireda,
Daga Funtuwa.