Kafin Ka Zuba Kuɗinka A Shok Ɗin Gaban Keke

Ɗan uwa, wai don ka ga 'yan YouTube suna sauya fok ɗin gaba, kai ma sai ka sauya? Su fa duwatsu suke gangarowa. Kai daga Kankiya zuwa Kusada za ka, ko gona, kan yashi da burji.

Yawancin masu arhar nan sifirin ne kawai cikin bututu, ba abin da ke tare dawowarsa. Ka faɗa rami, ya wurgo ka sama. Ƙurar hunturu ta shige, ya ƙage, ka koma jan nauyi a banza. Mai iska irin na RockShox kuwa yakan fi kekenka tsada, famfonsa ma daban ne.

In ka nace, auna tukuna: kaurin wuyan fok, yawanci milimita 28.6, taya 26 ce, 27.5 ko 29. Burkinka na roba ne ko na faifai. Kuma kada ka ɗora mai nitsewar milimita 140 kan keken da aka ƙera wa 100, wuyansa na iya tsagewa kana tafe.

Kuɗin nan, sayi faffaɗar taya, ka rage mata iska kaɗan.